Ni Na Gaya Mashi Maganar Shadda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Satumbar wannan shekara ta 1999, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran ɗana a gidanmu na Ƙofar Marusa, bayan kwana tara yana fama da zazzaɓi. Shi ne malamin makarantar nan da ke maku sharhin littattafai a wannan jarida. Ɗan farina ne, don haka ban taɓa kiran sunanshi ba, Malam nake ce mashi. Ku yi haƙuri da rubutuna, ajin manya kawai na yi. Da kekenshi na rubutu nake bugawa, da yatsa ɗaya, yadda ya koya mani.

Malam, ɗazu na buɗe gwangwanin ɗinkina. Tun da idona ya fara hazo, ba ka fita makaranta sai ka zura mani zare a allura goma ka jera su a jikin tsumma, don kada ɗinkin hula ya tsaya mani. Saura uku. Na kasa taɓa su.

Duk Juma'a kai ke zama bakin ƙofata ka karanta mani abin da ka rubuta, ka ce, "Inna, in ke ba ki gane ba, to ban rubuta komai ba." Haka muka yi ranar da ka kawo littafin Alhaji Ɗanliti mai garaya, wanda ya ba da tarihin rayuwarshi aka buga. Mahaifinka marigayi Babaji ya yi mashi amshi shekara sha tara, shi ya sa na ajiye tankaɗe na saurara. Ka zo wurin da Alhaji ya ce shi duk zamanin soja bai taɓa yi wa gwamnan soja wasa ba. Na yi dariya na ce, "Yanzu da farar hula suka dawo kowa ya zama jarumi. To shaddar da babanka ya dawo da ita daga gidan gwamna fa? Tana nan cikin akwatina." Ka ce, "Inna, kin tabbata?" Na ce, "Ni zan gaya maka abin da ban gani ba?"

Gaskiya akwai haushi a raina, don littafin ya ambaci Babaji sau ɗaya tak.

Ka rubuta. Ka yabi littafin, ka ce babu irinshi wajen labarin yadda ake haɗa garaya, amma ka ce wannan shafi ɗaya ba gaskiya ba ne. Daga nan gari ya rabu biyu. A teburin mai shayi na Ƙofar Kwaya har aka daina zama benci ɗaya. Wasu na cewa ka yi daidai, mawaƙi ma mutum ne. Masoyan Alhaji na cewa ɗan ɗan amshi ne ke hassadar ubangidan ubanshi. Wasiƙu sati shida a jere, wata ta ce maka maƙaryaci da manyan baƙaƙe. Uku daga cikin masoyan Alhaji suka zo har zaure. Ina tsakar gida na ji ɗayansu, Sani direba, yana cewa, "Malam, faɗi wanda ya gaya maka kawai, mu je mu tambaye shi, a wuce wurin." Ka ce, "Ba zan faɗa ba. Amma wanda ya gaya mani bai taɓa yi mani ƙarya ba."

Kwana biyu da kwanciyarka Delu ta zo dubiya, matar marigayi makaɗin Alhaji. Muna bakin murhu na kawo mata zancen shadda ina neman ta goya mani baya. Ta dube ni ta ce, "Sabuwa, kin manta? Shekarar nan Alhaji na kwance da karayar ƙafa, wata huɗu bai taka ba. Mazanmu wani mawaƙi suka bi zuwa gidan gwamna, Alhaji har fushi ya yi da su." Tana faɗa na tuna. Har kunun da na dama na aika mashi na tuna.

Na shigo ɗakinka da niyyar in gaya maka. Na tarar jikinka ya yi zafi, Iklima matarka na shafa maka ruwa. Na ce bari ka ɗan samu sauƙi. Gobe na ce jibi. Ranar Litinin ka buɗe ido ka ce, "Inna, jarida ta zo? Me suka ce kuma?" Na ce babu komai, ka huta. Lokacin ne ya kamata in faɗa, na gyara maka filo na fita.

Malam, ka tafi kana kare maganata, maganar kuma ba daidai ba ce. Ban san inda zan kai wannan ba. Na yi salla na roƙa, na je wurin malamin unguwa ya ce mantuwa ba ƙarya ba ce. Na ji, amma abinci ya ƙi shiga.

Ranar sadakar uku, a ƙofar gidan nan, kan tabarmar makoki, musu ya sake tashi har liman ya tsawata. Wani ya ce alhakin Alhaji ne ya kama ka. Abbas da Rashida, 'ya'yanka, suna jin wannan. Jiya Rashida ta dawo daga makaranta ta tambaye ni, "Hajiya, wai Baba ƙarya ya yi a jarida?"

To jama'a, ku da kuka goya wa Malam baya da ku da kuka zage shi, ga wanda kuke nema. Ni ce, Sabuwa, matar Babaji. Ni na gaya mashi, ni na kuskure, ni na yi shiru da na gane. Alhaji Ɗanliti gaskiya ya rubuta, bai je ba. Shi kuma yaron nan laifinshi kawai ya yarda da uwarshi. Alhaji, don Allah don Annabi, don gishirin da Babaji ya ci a gidanka, ka yafe mashi, ka kuma faɗa a fili yadda yaranka za su ji su bari. In akwai sauran zagi, gidan ba ɓoyayye ba ne, ku zo ku yi mani. Mai jarida, ka sa wannan a shafin da yake rubutu, kada ka rage komai.

Malam, Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, kada Ya kama ka da abin da bakina ya jawo. Iklima, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya maki yaran nan. Ina yi wa ɗalibanshi da abokan aikinshi ta'aziyya.

Shekara talatin da takwas ina jin kunyar sunanka, wasu kuma sun yi wata biyu suna haɗa shi da ƙarya. Yau zan buga shi da hannuna a gan shi inda ya dace.

Sada bai yi ƙarya ba. Sada, ɗana, ka yafe mani.