Mai Rufe Shafukan Mamata

Kujera ɗaya ce tak a shagonsa, ita ya tashi ya ba ni ranar da na fara zuwa. Ban daɗe da fita takaba ba, na kai masa wayar maigidana, Allah ya jiƙansa. Da wayar ta buɗe hotuna suka fito, sai ya juyo min da ita, ya kau da kai.

"Inna, ke ki duba. Ni gyara aka kawo min, ba kallo ba."

Mai Hantsaki ake ce masa, don ba a ganinsa sai da ɗan hantsakin da yake tsintar ƙananan kusoshin waya. Shagon nasa a ƙarƙashin matakalar bene yake, dogon mutum sai ya sunkuya. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gwangwanin madara cike da kusoshi, ga warin dalma. Gyaran agogo ya gada wurin mahaifinsa. Da aka daina ɗaura agogo ya koma rediyo, daga nan ya faɗa waya.

Abin da ya kai ni ba gyara ba ne. 'Yata ce ta ga hoton babanta a shafin sada zumunta, yana murmushi a gadon asibiti, an liƙa shi a tallar wani maganin kwalba: wai wannan dattijo ya warke cikin kwana bakwai. Hoton da muka sa a shafinsa don neman addu'a ne. Ciwon kuwa shi ya zama ajalinsa.

Mai Hantsaki ya ce, "An yi wa jikinsa sutura. Saura wannan."

Kwana goma sha tara yana rubuta wa masu shafin, na'ura tana ba shi amsa iri ɗaya. Bai gaji ba. Ya tura takardar shaidar rasuwa, ya bi mutanen benen ɗaya bayan ɗaya, tela da mai kemis da mai aski, kowa ya kai ƙara daga wayarsa. Rana ta ashirin tallar ta ɓace. Ya kwashe mana hotunanmu a ɗan katin ajiya na waya, bai bar ko ɗaya a wurinsa ba, ya rufe shafin maigidana.

Na ce, "Ɗana, mutanen nan me muka yi musu?"

"Ba ku yi musu komai ba, Inna. Sun san lokacin da kike tashi, sun san abin da kika tsaya kika kalla. Kin taɓa ganin an watsa wa kaza tsaba don Allah?"

Daga kaina labari ya bazu. Duk wanda aka yi wa rasuwa, bayan sadakar bakwai sai ka gan shi a ƙarƙashin bene da wayar mamaci a hannu. Shafukan da ya rufe sun haura sittin. Har tela ya sa masa suna, in ya leƙo daga sama sai ya ce, "Mai haƙa kabarin waya, yau wa za a binne?"

"Kai ne, in ba ka daina saka hoton tumbinka ba!"

Shafi ɗaya ne ya gagare shi, na matarsa. Zannuwan gado take sayarwa ta waya, da ɗan bidiyonta tana warware su tana dariya. Bara ta rasu. Tun daga lokacin 'yan damfara suke kwafar bidiyonta, suna buɗe shafi da sunanta suna yaudarar mata. Ya sa a sauke wannan, wani ya ɓullo. Ya fi kowa sanin cewa muddin nata a buɗe yake, nan za su riƙa ɗiba.

Wata safiya na same shi bai kunna fitila ba. Na ce, "Ɗana, kai da kake suturta na mutane? Ai muryarta da hotonta za su shiga kati."

Sai ya ɗauki wayarsa. Ya rubuta "Salamu alaikum" ya tura shafinta, ya miƙo min. Kafin in ƙifta ido amsa ta faɗo: "Wa alaikumus salam, na ga saƙo. Ina ɗan aiki ne, yanzu zan dawo."

Ashe tun tana raye ta saita wannan amsa saboda masu saye.

"Wannan ba ya shiga kati, Inna. Kullum da shi nake buɗe shago."

Ni da na san abin da ake ji, ban iya yi masa wa'azi ba. Muka zauna, ana ta hawa da sauka a kanmu.

Can ya ce, "Jiya wata mata ta zo tana kuka, an cuce ta da fuskar matata. Inna, ki zo min ranar Juma'a. Zan shirya komai, ke za ki sa yatsa ki danna a rufe shafin. Amma don Allah kada ki tambaye ni ko na shirya, zan ce miki a'a."