Sunan da Buroshi Ya Goge

Shekaru masu yawa bango ɗaya ne ya raba shagona na ɗinki da shagon Buroshi. Bangon ma na katako ne, in ya yi tari ni nake ce masa sannu. Sana'arsa rubuta allunan shaguna da fenti, kuma laƙabin ya samo shi ne daga ɗan buroshin da ba ya rabuwa da bayan kunnensa, ko wanka zai shiga. Dogon titin nan namu, daga mai aski har mai sayar da magani, babu allon da ba hannunsa ba.

Cuta ɗaya gare shi, ba ya iya ganin abu fili bai rubuta sunan mai shi a jiki ba. Bokitinsa da suna, butarsa da suna, kujerar da yake zama a kai da suna. Na taɓa barin almakashina a wurinsa na tafi sayen zare, kafin na dawo ya rubuta masa "Tela" da jan fenti. Na yi ta faɗa, shi kuwa yana dariya yana cewa abin da ba shi da suna ai na kowa ne. Har yau da almakashin nake yanka.

'Ya ɗaya Allah Ya ba shi, wadda yake kira Uwata. Aurensa da mahaifiyarta ya mutu tun yarinyar ba ta iya ɗaura zane ba, uwar ta auri wani ma'aikacin banki ta tafi da ita. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi: mutumin ya riƙe yarinyar da kyau, ci da sha da makaranta bai gaza ba, har Abba take ce masa. Buroshi kuwa abin da ya samu shi yake kaiwa, wani lokaci sabulu, wani lokaci takalmi, ya tsaya a bakin ƙofar gidan mai gadi ya kira masa ita. Ba ya shiga, ba a kuma taɓa ce masa ya shigo ba. In ya dawo sai ya cika min kunne da labarin yadda ta yi tsawo da yadda take magana kamar rediyo.

Ranar da ya ji ta samu shiga jami'a, sai da ya zagaye shagunan titin ɗaya bayan ɗaya yana faɗa. Da ya zo kaina ya zauna a bencina ya ce, "Tela, an ce yanzu ba a karatu sai da kwamfuta, irin wadda ake ɗorawa a cinya. Ni zan saya mata."

Na ce, "Da me? Da bokitinka mai suna?"

"Ina da injin feshi."

Na dakatar da keken ɗinkin na dube shi. Injin nan shi ne rabin sana'arsa. Da shi yake fesa manyan alluna da ƙofofin ƙarfe, aikin da ke kawo abinci. Na ce masa ai mijin uwarta ba zai rasa saya mata ba, ya bar wa mai hali abin da ya fi ƙarfinsa.

Ya ce, "Komai nata daga hannun wani ya fito. Ina so ta tafi da abu ɗaya da in ta buɗe za ta ce, wannan ubana ne ya ba ni."

Na ƙyale shi, don wanda ya riga ya yanke shawara da zuciyarsa ba ya jin kira. Wani mai gyaran mota ya sayi injin, Buroshi ya tafi babban kantin kayan lantarki ya dawo da kwali a rungume kamar jariri.

Washegari da safe na leƙa na same shi ya shimfiɗa sabon tawul a teburi, ya ɗora kwamfutar a kai, ya dama fenti mai ruwan zinariya. A bayan murfin ya zana sunan yarinyar da manyan baƙaƙe masu lanƙwasa, a ƙasa kuma ya sa nasa sunan da ƙanana, yadda ake haɗa sunan ɗa da na uba. Na daɗe ina ganin aikinsa, ban taɓa ganin wanda ya kai wannan kyau ba, kuma haka na gaya masa. Ya bari ya bushe, ya sa sabuwar riga, ya cire buroshin daga kunnensa ya tafi.

Da la'asar ya dawo da kwalin a hannu. Bai tsaya wurina ba, ya shige shagonsa. Na ji shiru ya yi yawa, na bi shi.

Ya ce, "Ta fito ta gaishe ni da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta buɗe, ta duba murfin. Sai ta ce, Baba, ai Abba ya riga ya saya min. Na ce ba komai, Uwata, ki riƙe biyu. Sai ta ce, Baba, ka yi haƙuri, ba wannan sunan ke kan takarduna ba. In na shiga aji da ita za a yi ta tambayata."

Ashe tun tana firamare da sunan mijin uwarta aka sa ta a makaranta, shi bai taɓa sani ba. Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan zaga, uwar ko mijin ko yarinyar da ba ita ta zaɓa ba. Shi bai zagi kowa ba. Ya zauna yana kallon gurbin da injin ya bari a ƙasa.

Ni ne na tashi na je wurin mai gyaran motar. Mutumin kirki ne, ya ce a kawo masa kuɗinsa ya ba da injin, bai ma fara aiki da shi ba. Na dawo na ce wa Buroshi ya nemo rasit, gobe mu mayar da kayansu. Mai saye yana da haƙƙi, abin da ba ka so ka mayar a ba ka kuɗinka, ai da bakinsu suka faɗa masa haka ranar da ya saya.

Kantin mai sanyi ne, da fitilu ko'ina, ƙasa tana ƙyalli har kana jin kunyar takalminka. Wata budurwa a bayan kanta ta karɓi rasit ta duba, ta ce lokacin mayarwa bai wuce ba. Ta ciro kwamfutar daga kwali, ta ga murfin, ta ce bari ta kira manaja.

Manajan ya zo ya duba, ya shafa rubutun da yatsa. Ya ce, "Baba, waye ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Wallahi ya yi kyau. Amma ƙa'idarmu, kaya ya dawo yadda ya fita. Da lalacewa ta yi, dole mu karɓa. Wannan lafiyarta ƙalau, sai dai ba wanda zan sayar wa da sunan wata a jiki."

Nan na ɗaga murya, na ce ko kunna ta ba a yi ba, zalunci ne, talaka ba shi da gata. Mutane suka fara juyowa. Buroshi ya dafa hannuna ya ce, "Tela, gaskiya ya faɗa." Manajan ya ga halin da muke ciki ya sassauta. Ya ce in rubutun zai fita tas ba tabo, zai karɓa ya ba mu kuɗin cif.

Mai fenti ba ya yawo babu tsumma da 'yar kwalbar abin goge fenti a aljihu. Buroshi ya ciro su, ya jiƙa bakin tsumman, ya sunkuya a kan kantar. Daga ƙasa ya fara. Baƙi bayan baƙi ya bi sunansa yana gogewa a hankali, zinariyar tana narkewa tana komawa jikin tsumman. Ya hura wurin, ya sake shafawa. Ya fita tas, kamar ba a taɓa rubuta komai ba. Manajan ya ce madalla, saura na sama.

Ya sake jiƙa tsumman ya kai hannu kan baƙin farko na sunanta, sai hannun ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Tela, yanzu da babu nawa a jiki, kana ganin za ta karɓa?"

Na ce, "Injin fa?"

"Hannuna na nan."

Ya rufe kwalbar, ya mayar da kwamfutar cikin kwali, ya ba manajan haƙuri a kan ɓata masa lokaci. A bakin titi muka rabu, ni na nufi shago, shi ya hau mota zuwa unguwar su yarinyar.

Ina kan keke ina ɗinka wuyan wata riga ya shigo, hannunsa babu komai, fuskarsa cike da murna irin wadda na daɗe ban gani ba. Wallahi da kuka ya shigo da ya fi min sauƙi.

Ya ce, "Ta karɓa, Tela! Ta ce ta gode, ta ce rubutun ya yi kyau. Har ta tambaye ni wa ya yi shi."

Na ce, "Ka gaya mata?"

"Na ce wani mai fenti ne a titinmu."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da taka keken, ɗinkin yana karkacewa ina gani, ban iya tsayawa ba.