Lasifikar da Ke Bakin Ƙofa

Da sharaɗi ɗaya Gwaggo ta yarda na ɗauki waƙar niƙanta a Gwandu: kada kowa ya gane muryarta. Matar malami ce, shekara da shekaru ba ta rera ba, kuma maigidanta bai san mun yi ba. Na bugi ƙirji na ce ta bar mini, ai sana'ata ce.

Aikin na wani baje kolin al'adu ne a Kalgo. Lasifika shida aka jera kewaye da ɗaki, ta yadda mai sauraro zai ji kamar yana tsakar gida, dutsen niƙa a gabansa, kaji a bayansa. Akwai wata 'yar manhaja da ke sauke kaifin murya ba tare da ta rage saurin waƙar ba. Kowace lasifika da layinta, kowane layi sai an ɗora masa manhajar. Na ɗora, na saurara, Gwaggo ta koma wata tsohuwa mai kaurin murya da ni ma ban sani ba. Har na yaba wa kaina.

Ranar buɗewa sai ga Malam, mijin Gwaggo, cikin waɗanda aka gayyato. Aka nuna masa kujerar gaba, ya ƙi, kamar yadda ya saba, ya zauna can baya dab da ƙofa.

Waƙa ta fara, na dubi kwamfuta. Layi biyar manhaja na aiki. A na shida, na bakin ƙofa, manhajar a kashe take. Ni na kashe ta da hannuna lokacin gwaji da injin ya yi nauyi, na manta ban mayar ba. Lasifikar tana daidai kunnen Malam, tana zubo muryar matarsa tsantsa. In na taɓa a tsakiyar waƙa, canjin ma tona asiri ne. Na tsaya kamar gunki, ina tunanin da wane ido zan kalli Gwaggo.

Da aka watse ya yafito ni. Na durƙusa gabansa.

"Wagga ta bayana," ya ce, "ni kaɗai nij ji ta?"

"Kai kaɗai, Malam."

Ya gyara zama.

"To rufe ƙofa, ka maido ta daga farko. Tun muna amare rabona da ita."