Umarar da muka yi ba jagora

Tafiyata ta farko ƙasar waje aikin Hajji ce, kuma a cikin ayari na yi ta. Kafin tashi, duk Asabar mukan taru a filin wata makaranta a Rano don bita, mu mutanen Kibiya da na Rano gaba ɗaya. An kafa wani akwatin katako a tsakiyar fili an lulluɓe shi da baƙin yadi, shi muke zagayawa muna koyon ɗawafi. Malamin bita, wani dogon mutum mai sanyin murya, yana gaba da lasifika. A ranar ƙarshe ya raba mana ɗan littafi mai koren bango. Akwai addu'o'i a ciki, akwai jerin wuraren ziyara, a shafukan ƙarshe kuma taswirar hanya daga masaukanmu zuwa masallaci, ta Makka da ta Madina.

Malamin nan shi ya zama jagoranmu a can. Yana da wata lema ruwan ɗorawa da yake ɗagawa sama a cikin cunkoso. Idan lema ta yi dama mu yi dama, idan ta tsaya mu tsaya. Ranar ziyara a Madina aka zuba mu a bas: Ƙuba, Uhudu, Ƙiblataini, sai shagon dabino. Ko'ina minti goma sha biyar, direba ya danna ham mu koma. Na dawo gida ana kira na Alhaji, ni kuma a raina na gama sanin garuruwan nan biyu.

Bayan shekara tara muka haɗa ƙarfi ni da ƙannena za mu kai Baba Umara. Baba manomi ne a Tarai, damina dawa da gyaɗa, rani albasa. Bai taɓa wuce Kaduna ba. Ƙannena suka ce a sa shi a ayari. Na ce ba sai an yi haka ba, ni na san hanya, littafina ma yana nan a akwati. Na nemi masauki a unguwar da muka sauka a wancan karon, don taswira ta yi aiki.

Madina muka fara sauka. Washegari muka yi sallar azahar a masallacin Annabi, muka fito. Taswira ta ce a miƙe har kantin magani, a karya hagu a wajen mai shayi. Na miƙe, ba kantin magani, ba mai shayi. Dogayen benaye ne iri ɗaya a jere. Na juya littafin sama da ƙasa, ban gane komai ba.

Ana cikin haka wani ayari ya zo wucewa, mutanen wata ƙasa ta Asiya, duk da kaya iri ɗaya, jagoransu na riƙe da 'yar tuta. Ba zan ce na yi shawara da zuciyata ba. Na dai ga tuta a sama, ƙafata ta bi. Muka yi ta tafiya a bayansu har cikin wani otal, har ƙofar ɗakin cin abinci, inda wani ma'aikaci yake duba katin da kowa ya rataya a wuya. Da ya zo kanmu ya tsaya yana kallonmu.

Baba ba ya kiran sunana, don ni ne ɗan fari, Malam yake ce mini. Ya taɓo ni ya ce, "Malam, mutanen nan ka san su ne?"

Na ce ban san su ba.

"To me muke yi a gidansu?"

Muka fito waje. Baba ya ce mu koma bakin masallaci. Da muka koma ya tsaya ya duba, ya ce lokacin da muke zuwa koriyar ƙubba tana hannun hagunmu, kuma mun wuce dabino uku a jere, na tsakiya ya fara bushewa. Ni ban ga ko ɗaya ba, idona na kan takarda. Ya shige gaba ina biye, har ƙofar masaukinmu.

Duk da haka ban ajiye littafin ba. Ranar ziyara na ɗauki tasi, na karanta wa direba jerin wuraren kamar yadda suke a rubuce. Direban Bahaushe ne haifaffen Madina, kakansa ne ya zo daga wajen Katsina, Hausarsa a cakuɗe take da Larabci. Tun kafin na gama karantawa ya ƙarasa mini sauran. Ya ce duk wanda ya ɗauka haka yake jero su.

A Uhudu muka yi sallama ga shahidai, muka yi addu'a. Baba ya sami wani dutse ya zauna yana kallon tsaunin. Ni kuwa sai duba agogo nake yi. Da minti goma sha biyar ya cika na ce, "Baba, mu tafi."

Ya ce, "Wa ke jiranmu?"

Na buɗe baki zan ce mota, sai na hango direbanmu a inuwa yana shan shayi hankali kwance. Ba wanda ke jiranmu. Na zauna kusa da Baba. Motocin bas suka yi ta zuwa suna sauke mutane, su hau tudu, su ɗauki hoto, a danna ham su koma. Ayari biyar na ƙirga muna zaune. Baba ya ce in ba shi labarin yaƙin da aka yi a wurin, daga farko. Na ba shi iya abin da na sani, yana nuna wurare da sandarsa yana tambaya, ina maharban suka tsaya, ta ina dawakan suka zagayo. Da yawa ban san amsa ba. Na taɓa zuwa wurin, amma a ranar na fara lura da yadda tudun maharba yake da tsaunin.

Da muka koma mota na ce saura Ƙiblataini da shagon dabino. Baba ya ce shi ba shago yake so ba, gonar yake so ya gani. Na ce ai ba ta cikin wuraren ziyara. Direba ya yi dariya ya ce yana da aboki mai gona a bayan gari, in muna so.

Mun fi awa biyu a gonar nan. Mai gonar dattijo ne kamar Baba, direba yana yi musu tafinta. Baba ya cire takalmi ya bi hanyar ruwa da ƙafa, ya ga yadda aka yi wa kowace bishiya kwarinta, ya damƙi ƙasa ya murza ya sansana. Ya tambayi kwana nawa ake yi tsakanin ban ruwa da ban ruwa, da irin takin da ake sawa. Mai gonar ya nuna masa yadda ake yanko furen namijin dabino a ɗaura a jikin na macen da hannu. Shi ma ya tambayi Baba yadda muke ajiye albasa ba ta ruɓe ba, Baba ya tsuguna ya zana masa rumbu a ƙasa da tsinke. Ni ina tsaye a gefe ina kallonsu.

A Makka kam littafin ya yi mana rana. Cunkoso ya rikita Baba, ya riƙe gefen haramina gam. Ina karanta addu'a yana maimaitawa, ina ƙirga zagaye. A tsakanin Safa da Marwa ƙafarsa ta gaza a zuwa na huɗu. Na tuna malamin bita ya taɓa ce mana wanda ya gaji ya huta, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Muka zauna, ya sha zamzam, muka ƙarasa. Ba don bitar nan ta Rano ba, da ban san abin da zan yi da shi ba a ranar.

Da muka dawo, mutane suka cika zaure a Tarai ana yi wa Baba barka da sauka. Wani maƙwabcinsa da ya je Hajji sau uku ya shiga jero wurare yana tambaya, kun je nan, kun je can. Da ya ji ba mu je Ƙiblataini ba, ba mu hau dutsen Hira ba, ya girgiza kai ya ce ai an bar mu a baya, shi ya sa ayari ya fi.

Baba ya ce, "Ƙila haka ne, Alhaji. Amma ka san sau nawa suke ba dabino ruwa a sati?"

Maƙwabcin ya ce bai sani ba. Baba ya gyara zama ya fara bayani, manoman da ke zauren suka matso kusa. Har aka kira la'asar ana kan maganar ban ruwa.