Ƙugiyar da ta maƙale wa matafiya

Shagona na buga takardu yana Yelwa, bayan layin masu kifi, kuma duk takardar da ta fita daga hannuna sai ta tafi da ɗan ƙarni kyauta. Shekaru na yi ina buga Hausa da madannan Turawa, waɗanda ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. In na gama bugawa sai in ɗauki biro in bi haruffan ina yi musu ƙugiya da hannu, in kuma na gaji in bar mai karatu da Allahnsa.

Taubashiyata ce ta raba ni da biro. Ɗiyar kawuna ce, tana koyar da kwamfuta a wata sakandare, kuma tun muna yara take kirana bawanta. Wani hutu ta shigo shagon, ta tarar da ni a duƙe kan katin biki.

"Wai kai har yanzu kitso kake yi wa haruffa?"

Ta zauna a kujerata ba izini, ta zuba mini wata manhaja da ta rubuta da kanta. Hoton madannai ne ke fitowa a allo, ka taɓa wanda kake so, ka gaya masa harafin da zai riƙa fitarwa. Muka shirya cewa in na danna alhamza, wato ɗan waƙafin nan na sama da ke cikin "jama'a", na bi ta da k, sai ƙ ta fito. Haka d da b. Na gwada, ƙ ta fito tsaf da ƙugiyarta. Na ce lallai kawu bai yi asarar tara ba. Ta ce in durƙusa in yi godiya, na ce sai ranar da ta biya kuɗin shara.

Ba a jima ba abin ya fara taɓin hankali. Ina buga sanarwa, sai in ga "ranar Juma'a ɗa yamma". Wata rana "jama'ar fada" ta koma "jama'ar faɗa", Allah ya sa na gani kafin ta fita. Ƙugiya ta riƙa sauka inda ba a gayyace ta ba, kuma ba kullum ba. Sai a wuni lafiya, gobe ta yi ɓarna. Na kira taubashiyata a waya, ta ce manhajarta lafiya lau, yatsuna ne irin na masunta masu jan koma.

Ana haka shugaban wata ƙungiyar masu jiragen ruwa ya zo daga Warra. Dattijo ne mai murya kamar injin jirginsa, yana son sitika da za a manna a kowane kwale-kwale, da addu'a a jiki. Ranar kasuwa ce, shago ya cika, janareto na tari. Ni kuwa in ina bugu madannai nake kallo, ba allo ba. Na buga, na fitar, na yanka, ya kwasa ya tafi.

Ranar kasuwa ta zagayo sai ga shi ya dawo, ko sallama bai ƙarasa ba. Ya shimfiɗa sitika ɗaya a kan teburina, ya danne ta da yatsa.

"Ɗana, mi munka yi maka?"

"Lafiya, Baba?"

"Karanta. Da ƙarfi, jama'a su ji."

Na karanta: "Addu'armu: Allah ya ƙare matafiya."

Sai wata mai jiran hoton katin shaida ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Shugaban bai yi dariya ba. Ya ce an manna ta a jirage kaf, wani malamin makaranta ne ya gani a tsakiyar ruwa, ya karanta wa fasinja, wata tsohuwa ta rantse sai an sauke ta a nan take.

"Mu munka ce a kare, kai kac ce a ƙare. Wanga aiki naka ne ko na injin?"

Na ce na injin ne. Ya ce to a fito da mai injin.

Ranar Asabar mai injin ta zo, tana taunar cingam kamar ba ita ake nema ba. Ta fara da zargina. Ta kifa madannan ta girgiza, garin ƙuli-ƙuli da ƙayar kifi suka zubo, ta ce ga aljanin nan. Muka aro wasu madannan a maƙwabta. Ta zauna ta buga "kare, kare, kare" har ta cika shafi da karnuka, ko ɗaya bai fito da ƙugiya ba. Ta kashe kwamfutar ta kunna, ta cire manhajar ta sake zubawa, ta sake sakin karnukan. Lafiya lau.

"Ka gani? Kai ne."

Inna ta leƙo da kwanon fura, ta ji abin da ake ciki, ta ce ita tun farko ba ta yarda da abin da ke rubutu ba tawada ba, a kira liman ya yi masa tofi. Taubashiyata ta ce, "Gwaggo, ɗanki za a yi wa."

Na ce ta daina kiwon karnuka, ta buga abin da na buga ranar, daga farko. Ta harare ni, amma ta ja sitikar ta kwafa. "Addu'armu: Allah ya..." Tana danna k, ƙ ta fito ta zauna daram.

Cingam ya tsaya. Ni kuwa na miƙe na yi rawa a gabanta, rawar da ban yi ba ko ranar aurena.

Daga nan ta bar wasa. Ta buɗe cikin manhajar, rubutu ne jere kamar tururuwa, ta ƙara wani ɗigo a gefen allo wanda zai yi ja duk lokacin da manhajar ke riƙe da ƙugiya tana jiran harafi. Ta ce in buga a hankali, ita tana kallo. Na buga a, d, d, u, ɗigo fari. Na danna alhamza, ya yi ja. Na danna a, alhamza da a suka fito daidai, amma ɗigon bai koma fari ba. Haka ya zauna ja, muka wuce "Allah", muka wuce "ya", har muka iso k, ya maƙala mata ƙugiyar, sannan ya huce.

"Mamari!" in ji ni, don haka masunta ke shimfiɗa ƙugiyoyi a ruwa ba koto, duk kifin da ya gifta nasa ne.

Ashe layin da ke cewa a saki ƙugiya ta rubuta shi ne a ƙarƙashin k da d da b kaɗai. In wani harafi ya biyo alhamza, ba mai gaya wa manhajar ta saki. Na tambaye ta yadda aka yi ba ta taɓa gani ba. Ta ce ita "jamaa" take rubutawa, ba ta da lokacin alhamza. Malamar makaranta guda!

Layi ɗaya ta ɗaga ta sauke ƙasa kaɗan. Muka gwada da "sana'a", da "ma'aikata", da addu'ar kanta, matafiya suka tsira.

Na sake buga sitikun, na kai Warra da kaina. Shugaban ya sa tabarau ya bi harafin da farce kafin ya karɓa. Masu jirage suka ɓanɓare tsofaffin, ban da wani mai jirgin katako da ya ce tasa ba ta fita. Wai tun da aka manna ta, fasinjansa ke saka rigar ruwa ba gardama, ba kuma mai roƙon a ƙara buhu a kan lodi. Shugaban ya zage shi tas, ya bar masa abarsa.

Da labarin gyaran ya bazu, wani fasto daga Ngaski ya zo da waƙoƙin coci cikin Kambarci, yana son wasula masu layi a ƙasa. Na kira taubashiyata a gabansa, na sa wayar a amsa-kuwwa.

"Ka ce mishi na yi tafiya," in ji ta.

Faston ya matso kusa da wayar ya ce, "Sannu da hanya, malama."

Asabar ta gaba ta zo ta yi masa.