Ɗakin da Yake Kiran Suna

Tsakanin gonar gyaɗarmu da rijiyar unguwa akwai wani ɗaki mai rufin kwano. Yau taki ake jibgewa a ciki, awaki na kwana a gindinsa. Da can makarantar boko ce, ɗaki ɗaya tal, malami ɗaya, ƙanana a gaba, manya a baya. Ni ƙafata ba ta taɓa shiga ba.

Shekarar da aka gina shi aka ce kowane gida ya ba da yaro. A gidanmu ni aka nuna. A ɗakin kakata nake kwana. Sunana Rakiya, sunan surukarta ne, don haka ba ta taɓa faɗarsa ba, Uwani take ce min. Bayan isha'i takan tura kara a wuta, mu kewaye ta, ta ce, "Mai gyangyaɗi ya tashi ya ba ni wuri, ba na zuba zance a kunnen barci."

Ran nan ta kawo wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Wai wata yarinya ce ta je ɗiban ruwa, ta ji wani ɗaki marar ƙofa yana kiran ta da sunanta na yanka. Kurciya ta ce kar ta amsa, ta amsa. Bango ya tsage, ta shige. Da yamma ta fito lafiya lau, har da sabon zane. Kakarta ta tarbe ta da murna, yarinyar ta dube ta ta ce, "Wace ce wannan tsohuwar?"

Kaka ta damƙi hannuna. "Kin ji, Uwani? Bakin da ba ki sani ba, kar ki amsa masa."

Da safe malamin ya zo ƙofar gida da mai unguwa, yana ta kira, "Rakiya!" Ina bayan rumbu, na toshe bakina da zane. Da suka gaji, suka tafi da Sale, ɗan kawuna.

Sai da na girma na gane. A shekarar ne idon Kaka ya fara mutuwa. Ni nake sa mata zare a allura, daga baya ni nake jan sandarta. Na ja har ta koma ga Allah, kuma na yafe mata.

Yanzu nawa idon ya fara hazo. Kwanan nan jikata Safiya ta ce ko ta bar makaranta ta zauna gida ta riƙa taya ni. Na ce ta ɗauki jakarta ta ɓace min da gani. Tatsuniyar tana bakina har yau, kuma na san tana ci. Shi ya sa nake haɗiye ta.