Nurin Eng Thye da Matuƙin Takarda

Ooi Kean Hock mutum ne mai saurin ƙyama, kuma bai taɓa ɗaukar wannan hali a matsayin aibi ba. Tun yana saurayi har ya yi furfura, aikinsa ƙera haƙoran roba ne a ɗakin baya na wani likitan haƙori a George Town, inda ya koyi cewa abin da ya kauce wa awo, ko da kaurin silin gashi ne, baki ba ya karɓarsa. Da ya ajiye aiki sai ya tattara hantsakinsa da ƙananan zartunansa, ya hau da su ɗakinsa na saman bene, ya duƙufa ga abin da ya fi ƙauna, wato haɗa ƙananan tankokin yaƙi da jirage masu saukar ungulu na roba.

Bai yarda mutum ya sayi kwali ya manna gutsattsarin kamar yadda kamfani ya tsara ba. Mai yin haka, in ji shi, daidai yake da wanda ya zuba ruwan zafi a taliyar leda yana kiran kansa kuku. Shi sai ya yanka, ya kankare, ya mayar da wannan tanka wata tankar daban, ko ya sassaƙa abin da babu daga fallen roba. Bai yi aure ba. Sau biyu aka nema masa mata: ta farko ta kira tankarsa mota, ta biyu ta ɗaga jirgi ta farfela.

Abokinsa ɗaya ne tak, Cheah Eng Thye, mai yagar tikiti a jirgin fito da ke kai da kawowa tsakanin tsibirin da George Town yake a kai da garin Butterworth. Eng Thye ya girme shi, ga surutu, ga ƙazantar aiki. Da maiƙon soyayyar ayaba a yatsu yake kama roba, kuma duk inda ya sa gam sai ya bar shatin babban yatsansa. Kean Hock ya shafe rabin rayuwarsa yana bin bayansa da tsaki da sanfefa.

Abin da ya ɗaure su shi ne Nuri, jirgin sojan sama mai saukar ungulu da Eng Thye ya daɗe yana ɗaga kai yana kallo daga kan jirgin fito, ba tare da ya taɓa shiga ko da na fasinja ba. Sun nemi kwalinta a kantuna sun rasa, don haka suka sayi na wani jirgin sama na sojan ruwa mai kama da ita, suka shiga rage wannan suna ƙara wancan. Kean Hock ya huda tagogi, Eng Thye ya jera kujerun ciki. Shekaru suka shuɗe ana gardama a kan kowace ƙusa. Saura farfela da fenti, zuciyar Eng Thye ta tsaya, jirgin yana gidansa cikin kwalin takalmi.

Bayan an yi jana'iza, ana shirin ranar da za a ƙona wa mamaci gidan takarda bisa al'adarsu don ya same shi a lahira, sai Gaik Lan, matar marigayin, ta aika a kira Kean Hock. Ya same ta a bakin ƙofa tana gyaran wake, kwalin takalmin yana gefenta.

"Zauna, Kean Hock. Yayanka ya zo mini a mafarki, yana ta lalube ƙarƙashin gado. Jirginsa yake nema. Zan haɗa shi da gidan a aika masa."

Ya dubi kwalin. "Matar Yaya, a wuta?"

"A'a, a gidan waya. Ta ina ake aika musu kaya in ba ta wuta ba?"

"Wannan fa roba ce! Ba ta ci kamar takarda. Narkewa za ta yi, ta dunƙule baƙi ƙirin, unguwa ta ɗauki wari. Abin da zai isa hannunsa ko kare ba zai shinshina ba."

"Ka taɓa zuwa can ne ka ga yadda kaya ke isa?"

"Rabin aikin nan nawa ne."

"To yanki rabinka ka tafi da shi. Ni dai ba zan bar mijina yana rarrafe ƙarƙashin gado ba. Yana raye abin nan ya hana ni ganin fuskarsa, ya mutu kuma ya hana ni barci?" Ta watsa wake a faranti. "In kana da wani jirgin da zai karɓa, kawo. In babu, wannan ne."

Daga nan ya zarce shagon Tong, mai yin kayan takarda na matattu, wurin da ya saba tsallake titi don kada idonsa ya faɗa ciki. Ga gidaje masu bene, ga motoci, ga barori jere da jan kumatu. Tong ya fito yana sakace.

"Lale da likitan haƙoran ƙarya! Wa ya mutu, ko kanka ka zo yi wa tanadi?"

"Kana da jirgi mai saukar ungulu?"

"Har da mai na'urar sanyi." Ya zaro wani abu daga saman kanta ya kaɗe ƙura. Launinsa ruwan hoda, an yi masa ado da takardar zinariya, farfelarsa uku gajeru kamar na fankar tebur, ƙofarsa kuwa irin ta gida ce, har da mariƙi.

Kean Hock ya ja da baya. "Wane irin jirgi ne wannan?"

"Irin mai tashi."

"Da wane awo ka yi shi?"

"Awo? Maigida, tun zamanin kakana muke aika kaya, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ƙofa ta yi faɗi."

Bai sayi komai ba sai tsagin gora da takarda. Ya koma ɗakinsa, ya ture tankokinsa gefe, ya ɗauko awon Nuri ya ninka shi sau uku, ya fara aikin da bai taɓa zaton hannunsa zai taɓa ba.

Takarda ta wulaƙanta shi. Roba in ka yanke ta tana tsayawa inda ka ajiye ta, takarda kuwa da ta ji damshin teku sai ta yamutse kamar fatar tsohuwa. Ƙullun shinkafar da ake mannawa da shi yakan yi tsami kafin azahar, kyankyasai suna fitowa daga bango suna lasar gefen aikinsa. Gora ta tsaga masa yatsu. Yana aiki yana tofar da yawu ta taga, yana tsine wa Tong da kakan Tong, yana haɗawa da Eng Thye wanda ko mutuwa bai iya yi cikin tsari ba. Duk da haka bai rage taga ko ɗaya ba. Farfela biyar ya yi mata, ya shafa mata koren soja, ya jera kujeru a ciki yadda Eng Thye ya jera nasa, har da ƴar karkatar da suka daɗe suna faɗa a kanta.

Ranar ƙonawa, da hantsi, aka taru a fili bayan haikali. An kafa gidan takarda, an kewaye shi da tarin kuɗin takarda na matattu. Da Kean Hock ya buɗe zanen da ya lulluɓe jirgin, surutu ya ɗauke. Tong kansa ya zagaya shi sau biyu. Gaik Lan ta duƙa ta leƙa ta tagogi, kwalin takalmi a hammatarta.

"Ya yi kyau," ta ce. "Wa zai tuƙa?"

"Matar Yaya, me kika ce?"

"Ba kowa a ciki. Yayanka ko keke a karkace yake tuƙawa. So kake ya sake mutuwa a can?"

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Tong. Ya je motarsa ya dawo da direban takarda, irin wanda ake haɗawa da motocin matattu: farar riga, hular hana sallah, jan kumatu, yana murmushi. Tsayinsa ya kai gwiwar mutum. Kansa kaɗai ya fi ƙofar jirgin girma.

"Ba zai shiga ba!" Kean Hock ya daka tsawa. "Ku dube shi mana! In jirgin nan na gaske ne, wannan ƙaton ya fi bene hawa uku!"

"Sai ya hau bisa, kamar doki," in ji Tong. "Ya fi shan iska ma."

Jama'a suka tuntsire da dariya. Gaik Lan ba ta yi ba. Ta zare murfin kwalin, ta matsa kusa da tarin takardun, ta tsaya tana kallonsa. Daga inda yake yana hango ƴar Nurin roba kwance cikin auduga, ba fenti, ba farfela.

Tong ya miƙo jar igiyar leda zai ɗaura. Kean Hock ya fizge ta. "Kawo nan, kada ka karya mata baya."

Da hannunsa, hannun da bai taɓa barin ɗigon gam ya fito waje ba, ya ɗora ƙaton direban a bayan farfela, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya ɗaure shi tamau. Aka kunna wuta. Takarda ta kama nan take, kuma abu na ƙarshe da ya gani cikin harshen wutar shi ne jan kumatun nan yana yi masa murmushi.

Gaik Lan ta mayar da murfi ta dangwara masa kwalin a ƙirji. "Ungo. In ya sake zuwa lalube, gidanka zan turo shi."

Kean Hock ya ƙarasa Nuri shi kaɗai. Ya goge shatin yatsun Eng Thye duk inda sanfefa ta kai, yana tsaki. Ɗaya da ke cikin gilashin gaba ya gagara, don an riga an manne. Tana nan a akwatin gilashi a ɗakinsa, sama da tankoki. Masu wannan sha'awa sukan hau benen su kalle ta, kuma ba a rasa wanda zai lura cewa kujerar gaba fayau take, ya tambayi dalilin da gwani kamarsa bai sa matuƙi ba.

Sai ya yamutsa fuska kamar ya shaƙi ƙullu mai tsami.

"Matuƙin yana waje," yakan ce. "Ɗauke hannunka daga gilashin."